Ni Kaɗai Zan Je, Ba Tafinta

Zuwa ga ɗana Tafinta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na hau bene. Hawan jinin ya kwanta. Babbar 'yata tana gaishe ka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda da kan sarki a wannan zamani. Dalilin shi ne a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Kafin in ce biyu ka ce goma, ka kuma gaya mini abin da nake nufi. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Zumuncinmu sai an zauna an warware shi, tunda kakanka da mahaifina 'yan wa da ƙani ne. Amma kai kaɗai ne namu a ƙasar da Autana ya yi aure, ya haifi 'ya, ya kuma rasu. Tun rasuwarsa kai kake shiga tsakanina da matarsa idan an haɗa mu a waya, ta faɗa da yarensu ka juya mini, in faɗa ka juya mata. Na gode, Allah ya saka.

To ga magana. Zan zo ƙasar in ga surukata da jikata, ido da ido. Akwai tambayar da nake son in yi wa surukar tawa, kuma na gaji da yin ta daga nesa. Ni kaɗai zan taho. Na yi shekarun aikina a asibiti, na ajiye, ba ni da jariri a baya, ba ni da mijin da zan nemi izininsa, Allah ya ji ƙansa.

Abin da nake nema a wurinka kaɗan ne, kai da ka san hanya. Ka rubuto mini adireshin gidanta da manyan baƙaƙe irin nasu, da sunan tashar jirgin ƙasan da ta fi kusa. Idan na sauka za ka ji ni.

Ka gaida kowa.
Gwaggonka

*

Gwaggo, ranki ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun ji lafiyarku, mun gode Allah. Mu ma lafiya, sai sanyi da aiki. Ki riƙa shafa wa gwiwar nan magani, ki rage hawa bene.

Na karanta wa mai ɗakina takardar, sai da ta ajiye cokali don dariya. Kada ranki ya ɓaci, amma ni ma na dara. Gwaggo, ke ce za ki tsallaka ƙasashe ke kaɗai? Ke da sunan magani a jikin kwalba sai kin ɗora tabarau a kan tabarau?

Bari in gaya miki yadda nan take, tunda a hoto kawai kika san ta. Nan ba a tare mutum a hanya a ce bawan Allah ina ne tasha. Kowa kansa a ƙasa, kunnensa a toshe, yana sauri kamar an biyo shi. Tikiti inji ne ke sayarwa, kuma inji ba ya jin magiya. Jirgin ƙasa ba ya jiran tsohuwa ta gama jan akwati. Sanarwa da yarensu ake yi, allo da yarensu, har ƙofar ban ɗaki da yarensu. Ni da na karanci yaren nan a jami'a, nake cin abinci da shi a kotu da asibiti, har gobe akwai tsohon da zai yi magana in ce ya maimaita. Ke kuma da me za ki zo? Da murmushi?

Na kuma gane inda maganarki ta dosa. "Kai da ka san hanya." "Idan na sauka za ka ji ni." Wato in ajiye aikina, in ɗauki hutu, in zo filin jirgi in tsaya da kwali a hannu, in riƙe miki jaka har garin da surukarki take, wanda tsakaninsa da namu tafiyar yini ce. Haka mutanen gida kuke, ku ce ku kaɗai za ku zo, sai kun sauka mutum ya ga ashe shi ne ƙafar, shi ne bakin, shi ne gadon kwana. Bana ba ni da hutu, Gwaggo. Na faɗa tun da wuri don kada a ce na ci fuska.

Adireshin ba zan aiko ba, don ba zan sa hannu a ɓatan tsohuwa ba. Idan tambaya ce, ga waya, ga ni. Ki faɗa in juya, kamar yadda muka saba. Me ya yi zafi?

Ɗanki,
Tafinta

*

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru ya yi yawa, har damina ta wuce ku ban ga amsa ba. Na kira babbar 'yarki ta ce kina lafiya, kin fita. Kullum kin fita.

Na ɗauka shirun nan alama ce kin sauko, kuma na yaba. Hankali ke nan. Ba kowane tsoho ne ake gaya wa gaskiya ya karɓa ba. Na gaya wa mai ɗakina, na ce ai Gwaggo mace ce mai tunani, zafin rashi ne kawai ya taso mata. Ki zauna a ɗakinki ki ji da gwiwarki. Ƙarshen wata zan haɗa ku da surukarki ku gaisa.

Ɗanki,
Tafinta

*

Malam Tafinta,

Assalamu alaikum. Takardunka biyu sun zo, na ajiye su a ƙarƙashin ƙafar teburina da ke rawa, sun yi amfani. Lafiyata ƙalau. Ka gaida mai ɗakinka, ka ce ta ɗauki cokalinta.

Ka ce kai mai fassara ne a kotu. Allah ya ji ƙan mutanen da aka ɗaure a bakinka, in dai haka kake fahimtar magana. Da yarenmu na rubuto maka, wanda ka sha a nono, na ce adireshi da sunan tasha. A ina ka ga kwali? A ina ka ga gadon kwana? Gidanka da ko kofin ruwa ban roƙa ba. Ka riƙe hutunka, ka ƙara da na baɗi.

Shirun da ka ji ba saukowa ba ne, aiki nake. An buga mini biza. Adireshin na same shi a jikin kwalin injin awon jinin da Auta ya aiko mini shekarar da ya rasu, da rubutun hannunsa. Na yanke wurin da almakashi na sa an manne shi da leda. Babbar 'yata ta sa mini abin fassara a waya. Na san za ka ce shirme yake yi. Yana yi, na gwada. Amma wawa ne mai gaskiya, ba ya tausaya mini, ba ya kuma ƙari.

Fitar da ake ce maka ina yi, horo nake wa kaina. Na cika akwati da tsofaffin littattafai ina jan sa a benen asibitinmu, sama da ƙasa, har masu gadi suka fara tambayar ko lafiya. Na je filin jirgi na zauna ina kallon yadda mutane ke bin layi, me suke cirewa, me suke nunawa. Ashe rabin allunan hotuna ne, ɗan mutum yana gudu, akwati, mace da siket. Rannan kuma na shiga kasuwa na yi cefane kaf ban buɗe baki ba, nuni kawai da yatsa. Na dawo da duk abin da nake so, har da ragi. Da yamma maƙwabciyata ta shigo da hawaye, wai an ce mata shanyewar ɓarin jiki ta kama mini harshe.

Ka tambaya me ya yi zafi. To saurara.

Duk sanda aka haɗa mu a wayar bidiyo ina kallon bakin surukata. Takan motsa shi kaɗan ta yi shiru. Kai kuma sai ka ɗauko: tana gaishe ki da kyau, tana tambayar gwiwarki, ta ce yarinya tana kewarki, ta ce Allah ya ƙara lafiya. Wane yare ne wannan da kalma biyu ke haifar huɗuba? Ni kuma in yi doguwar tambaya, in ji ka jefa mata 'yar guntuwa, ta ɗaga kai kawai.

Tambayata ɗaya ce tun ranar farko: yaya ɗana ya mutu? Yana ina, wa ke kusa da shi, ya daɗe yana fama? Kullum amsarka ɗaya, wai ta ce cikin barci ya tafi, bai sha wahala ba. Ni za ka gaya wa haka? Ni da na tsaya a bakin ƙofar ɗakin majinyata na faɗa wa iyaye mata wannan maganar har ba adadi, da fuskata a gyare? Kayan da na tsufa ina tallansu ka kawo mini, ko ƙurar ba ka kaɗe ba.

Ba na barci a kan wannan, Tafinta. Na haife shi na ga shigowarsa, ina son in san fitarsa. Kuma daga bakin wadda take wurin nake son ji, ba daga naka ba. Kada ka kira ta ka shirya mini komai. Na riga na aika mata ta waya cewa ina zuwa. Ta karanta, ba ta amsa ba.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Mun gode Allah da kike lafiya. Mu ma haka.

Tunda abin ya kai ga zagi, bari mu yi ta a fili. Kin ce wawan inji ya fi ni. To.

E, ban taɓa juya mata tambayarki ba, ko sau ɗaya, kuma in aka maimaita haka zan sake yi. Kin san halin da yarinyar nan take ciki lokacin? Magani take sha kafin ta iya tashi daga gado. Ke kina can kina harbo tambaya kamar kina karɓar rahoton aikin dare. Sai in ce mata kina gaisuwa. Ita ma takan faɗi abin da ba na juya miki. Wannan shi ne aikin, Gwaggo. Duk wanda ya ɗauka fassara kwashe magana ne daga nan a zube can, bai san komai ba. Tafinta na ƙwarai ya san abin da ake miƙawa da abin da ake haɗiyewa. Na raba mata biyu da kuka, ban ji an ce sannu ba.

Gaisuwar da kike ji kuwa, da tambayar gwiwa, nawa ne. Ita ba ta san kina da gwiwa ba. Kina son gaskiya tsirara, ga ta: sau da dama ta ce mini, wace irin uwa ce wannan da ba ta taɓa tambayar yadda ɗanta ya rasu ba? A wurinta ke tsohuwa ce mai busasshiyar zuciya, wadda ke fitowa a waya da fuska a ɗaure ta ce sannu ta tafi. Shi ya sa ba ta amsa miki ba. Wannan ce ƙofar da za ki je ki ƙwanƙwasa da guntun kwali a hannu.

Kuma da wane baki za ki wanke kanki? Da za ki iya jira, da na gyara tsakaninku a hankali, yadda na saba. Amma ke kin ja akwati a bene kin sayo albasa da yatsa, kin zama 'yar ƙasa. Sai ki je. Idan ta rufe miki ƙofa kika tsaya a titi cikin sanyi, lambata tana nan. Zan ɗauka, don ba a yar da zumunci. Amma zan tuna miki.

Yadda ya rasu kuwa, ni ma ban sani ba. Ban tambaya ba. Ba abin da zai dawo da shi.

Tafinta

*

Tafinta,

Assalamu alaikum. Daga teburin kicin ɗin surukata nake rubuto maka. Na iso lafiya. Gwiwar ta kumbura, an sa mata ƙanƙara. Jikata tana makaranta, doguwa ce kamar ubanta, tana kallona kamar an kawo sabuwar kujera gidan.

Bari in fara ba ka abin da kake jira, don ka samu na karanta wa mai ɗakinka. Na ɓata. Injin tikitin ya ƙi ni, sai da wata mata ta gaji da tsayuwa a bayana ta miƙo hannu ta danna mini. Na hau jirgin da ya dace amma ta ɓangaren da bai dace ba, ya kai ni ƙarshen layi, wani wuri duk masana'antu da iska. Na zauna a benci na yi kukana, na share, na nuna wa mutane kwalin har aka juya da ni. Sai me? Ban mutu ba, ban kuma kira ka ba.

Da la'asar na isa. Surukata ta buɗe ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa, ba murmushi. Ka yi gaskiya a nan, aikinka ya yi kyau, kallon da ta yi mini ko mai bin bashi ba a yi masa. Amma ta matsa gefe na shiga. Ta ajiye mini ruwan zafi ta koma can ƙarshen tebur ta harɗe hannu.

Ban cire rigar sanyi ba na fito da waya. Na ce, yaya ɗana ya mutu? Na ce, tun ranar farko nake tambaya, ba a kawo miki ba. Wayar ta faɗa da muryarta ta ƙarfe. Surukata ta dubi wayar, ta dube ni, har na ɗauka shirme ya fita. Sai ta jawo wayar ta fara magana, muryarta tana karyewa, abin ya riƙa rubuto mini kalmomi ba kai ba gindi. Ta duba fuskata ta gane ba na samun komai. Ta kifa wayar a kan tebur, ta kama hannuna.

Akwai ɗan lungu tsakanin ban ɗaki da ɗakin kwanansu, inda injin wanki yake. Nan ta kai ni. Ta ɗauki kwandon kaya ta rungume, ta yi irin tafiyarsa, har da yadda yake karkata kafaɗa. Ta saki kwandon. Ta dafe ƙirji, ta jingina da bango, ta sulale ƙasa. Ta nuna mini numfashin, yadda yake ja yana sarƙewa, idonsa a buɗe. Ta daɗe tana yi. Ba barci ba ne, Tafinta. Da rana ne, yana ɗauke da wanki, ya san abin da ke faruwa da shi, kuma ya sha wahala. Na tsaya na kalla har ƙarshe, ban kau da ido ba. Zuciyata ta tsage, amma abin da na zo nema ke nan.

Sai ta tashi ta durƙusa a gefen wurin, ta haɗa hannu biyu ta fara danna ƙasa, tana nuna mini yadda ta yi masa kafin motar asibiti ta zo. A nan na ga kuskure. Hannun ya yi ƙasa da yawa, wajen ciki yake, ba tsakiyar ƙirji ba. Kuma a hankali take dannawa, irin na mai tsoron ta ji wa mutum ciwo. Ɗalibai nawa na buge wa hannu a kan wannan. Ko da ta danna daidai zai tashi? Allah ne ya sani. Wasu suna tashi.

Ta tsaya, ta ɗago ta dube ni. Ta san aikina, Auta ya gaya mata. Ta nuna hannuwanta, ta nuna ni, ta jira. Ashe ita ma tambaya ɗaya gare ta duk tsawon lokacin nan, ko ta danna daidai, kuma ni take jira da ita. Wannan ba ya buƙatar digirinka.

Na durƙusa a kan gwiwar nan tawa, na kama hannuwan biyu, na dubi tsakiyar idonta, na ɗaga mata kai. Na sake ɗagawa. Ta faɗo jikina tana wani irin kuka da ban taɓa ji ba ko a asibiti. Muka zauna a lungun nan har jikata ta zo ta same mu.

Na san kana murmushi yanzu, kana cewa ai ga shi Gwaggo ma ta yi irin nawa. Kada ka haɗa kanka da ni. Ni na tsallaka duniya, na ji tambayarta, na san amsar, na zaɓi abin da zan ba ta, kuma ni zan kwana da shi har in mutu. Kai ko tambaya ba ka yi ba.

Jiya ta nuna mini hotonka a wayarta, wai ko a kira ka ka taimaka mana. Na girgiza kai. Muna wanke kwanoni tare, tana nuna abu ta faɗi sunansa, in maimaita, yarinya ta yi mini dariya. Ya ishe mu.

Maganar hannun nan ban gaya wa babbar 'yata ba, ba kuma zan gaya mata ba. Kai ma ba don ka cancanta na rubuto maka ba. Abin ya tsaya mini a wuya, kuma duk faɗin ƙasar nan kai kaɗai ne kake jin yarena. Idan ta taɓa jin sa daga bakinka, ban yafe ba.

Ka gaida yara. Ba sai ka amsa ba.

Gwaggonka